Babu Komai a Kurminmu

Inna ba ta ƙirga abu mai rai. In ka tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce suna nan, Allah ya raya. In ka tambaye ta kajinta nawa, sai ta dube ka kamar ka shigo mata da shaho a aljihu. A wurinta, duk abin da ka san adadinsa ka nuna wa mutuwa hanya. Yayar mahaifiyata ce, ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni har aka sa ni makaranta, don haka ban san mata wani suna ba sai Inna.

Tana zaune a wata 'yar unguwar manoma bayan Maje. Bayan gidajen akwai gonaki, bayan gonakin akwai rafi, kuma a bakin rafin nan ne kurmin yake, duhu ɗaya, maɗaci da tukurwa da gora sun sarƙe har rana ba ta taɓa ƙasa. Inna unguwarzoma ce. Saiwar da take dafa wa mai naƙuda, sassaƙen da take jiƙa wa jariri, ganyen wankan jego, duk daga can take samo su. Kurmin nan shi ne kantin maganinta, shi ne kuma mutuncinta, domin ba don shi ba da tsohuwa ce kawai mai yawan faɗa.

Ni a lokacin malamar firamare ce. Ina aure a cikin garin Suleja, mijina yana bin motar ma'aikata zuwa Abuja tun duku-duku, ni kuma in hau acaɓa zuwa makaranta a Maje. Shekaru kaɗan ke nan da gwamnati ta tare a Abuja, kuma duk wanda bai sami ɗaki a can ba, mu yake faɗo wa. Mutane sun ba da hayar zaure, sun ba da hayar ɗakin girki, wani maƙwabcinmu har akurkin kajinsa ya yi wa silin ya zuba ma'aikata biyu. Kullum in na wuce sai in ga bulo ya ƙara matsowa wajen gonaki.

Wata Litinin hedimasta ya kira ni ofis, ya ce wata ƙungiya mai kula da namun daji za ta zo ƙidayar dabbobin da suka rage a dazuzzukan yankin. Suna son mace mai karatu wadda za ta iya shiga gidajen da aka rubuta ba shiga, ta tambayi mata abin da suke gani in sun je itace. Ni aka zaɓa saboda na taɓa aikin ƙidayar jama'a, wato na riga na ƙware wajen shan zagi a tsakar gidan mutane. Da na ji unguwar Inna na cikin jerin, har murna na yi. Allah ya yafe mini.

Shugaban masu ƙidayar, kowa Oga yake ce masa. Mutum ne mai kirki, wannan dole in faɗa, sai dai dajin da ya sani na cikin littafi ne. Yana rataye da madubin hangen nesa a wuya kamar laya, yana da sababbin takalman daji masu ƙara in yana tafiya. Hausarsa ta sayen tumatir ce, shi ya sa ranar da aka tara mutane a gindin ɗorawar ƙofar mai unguwa, ni aka zaunar a gefe ina fassara.

Ya baje taswira a kan tabarma ya yi bayani dalla-dalla. Gari yana tahowa, ba mai iya tare shi. Duk dajin da aka samu da namun daji a ciki za a shafa masa kore a taswira, a bar shi, ba mai sara ba mai gini, masu ɗibar magani da itace su ci gaba da abinsu. Wanda aka tarar babu komai za a bar shi fari, masu raba filaye su yi yadda suka ga dama da shi. Na fassara wannan kalma bayan kalma, har sau biyu, ban rage ba ban ƙara ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce laifin tafinta ne. Kowa ya ji, kowa ya fahimta. Mai unguwa ya yi godiya, ya sa albarka, ya raka Oga har bakin mota.

Ƙurar motar ba ta gama kwanciya ba aka fara taro na gaskiya.

Mai unguwa dattijo ne mai sanyin murya wanda bai taɓa gaggawar komai ba sai cin tuwo. Ya ce su fa sun taɓa ganin irin wannan. Shekarun baya wasu sun zo ƙauyukan da ke kudu da su, da igiyoyi da littattafai, suna ƙirga bukkoki da ɗorawa da rumbuna, suna cewa don a san abin da ke akwai ne kawai. Su ma da fara'a suka zo, su ma an raka su bakin mota. Yau ina mutanen? Ƙasa ta tafi, har sunan garinmu, Abuja, aka haɗa aka tafi da shi, muka dawo muna laluben wani kafin mu zama Suleja. Kafin wannan kuma, ya ce, a tambayi Fulani abin da ke biyo bayan ƙirgar shanu.

"Gwamnati ba ta ƙirga abin da ba ta so," ya ce. "In ta ƙirga birinka yau, gobe kurminka nata ne, kai kuma ɓarawo a cikinsa."

Ba zan ce wauta ya faɗa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma waɗannan mutanen saran nasu bai ma warke ba. Nan take aka yanke shawara, duk wanda aka tambaya amsa ɗaya ce: babu. Aka sa maza su kula da maza, mata kuma aka damƙa su a hannun Inna, wadda ko ba a ba ta ba da ta karɓa.

Na bi ta ɗaki da yamma, tana daka wani sassaƙe a ɗan turminta. Na ce mata wannan karon juye abin yake, faɗin gaskiya shi zai tsare kurmin, ɓoyewa shi zai ba da shi. Na zana mata a ƙasa da tsinke, nan kore nan fari. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta share zanen da tafin ƙafa. Ta ce karatu ya koya mini gaskata takarda, ita kuwa shekaru sun koya mata duban wanda ke riƙe da takardar. Na ɗaga murya, don ni ma ba baya ba ce wajen zafin kai, a wurinta na gada. Sai ta ajiye taɓarya.

"In motar ta tafi, ke da su wa za ki zauna?"

Ta sake ɗaukar taɓarya ta ci gaba da dakanta.

Kwana uku na yi ina bin gidaje da fom da biro. Ban taɓa ganin unguwar da ta haɗa kai a kan ƙarya da irin wannan ladabi ba. Akwai wata mata da gonar masararta ke bakin kurmi, wadda duk damina ake jin muryarta tun daga rafi tana tsine wa birai har kakanninsu. Na tambaye ta yaushe rabonta da ganin biri. Ta ɗaga kai sama tana tunani, ta ce anya, tun tana amarya dai ta taɓa hango wani abu, ba ta tabbata ba ko kare ne. A wani gidan na tarar ana babbaka gyazbi a tsakar gida, ƙaurin ya cika unguwa. Na nuna shi da biro, uwargidan ta ce daga kasuwar Garam aka kawo musu, su ba su san inda irin waɗannan suke zama ba. Ta yago mini cinya, na ci, na rubuta babu. Mai unguwa kansa buzun sallarsa fatar mazo ce, mai zanen fari a gefe, kowa ya san a kurmin ya harbo shi. A makon nan kaf a kan buhun taki ya yi salla.

Kowace mata in ta gama ƙaryarta sai in shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala a ƙasan fom. Inna ta dangwala nata da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

Saura abu ɗaya. Ranar Alhamis Oga da mutanensa za su shiga kurmin da ƙafarsu su gani da ido, kuma birai ba su halarci taron mai unguwa ba, ba su san an ce babu su ba. Don haka ana idar da sallar asuba maza suka fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka da karnuka, wani har da gangar noma, suka shiga kurmin daga wannan baki suka nufi wancan. Na iso da hantsi na tarar ana cikin yi. Magidanta masu furfura, waɗanda ko gaisuwa sai sun ga dama suke amsawa, suna tsalle cikin tukurwa suna ihu kamar an sace musu amarya. Birai suka tsallake rafi suka haye duwatsu. Zabin daji suka tashi. Duk abin da ke da ƙafa ko fiffike ya yi ƙaura, sannan maharban unguwa suka bi hanya da reshe suna share sawu. Ban taɓa ganin an yi wa wani baƙo irin wannan shara ba, ko gwamna.

Da ma ba su wahalar da kansu ba. Oga bai iso ba sai bayan azahar, ya kwashe safiyarsa a layin mai, kuma a irin wannan lokacin ko ba a kore su ba dabbobi suna kwance. Ya fito da mataimakansa biyu, aka jeru. Mai unguwa a gaba, Oga na biye da shi, takalmansa na sanar da zuwansa, sai ni da fom, sai Inna a bayana, wai ta zo nuna inda ƙaya take. Oga yana taku ɗaya yana duban ƙasa sau biyu saboda maciji. Da ya tuna aikinsa sai ya tsaya ya ɗaga madubi ya leƙa sama, ya ga ganye. A awa guda mun rubuta ƙadangare biyu, kurciya ɗaya, da wata akuya da ta tsinke igiya, wadda sai da aka yi muhawara kafin aka yarda ba naman daji ba ce.

Muna dab da fita, a wani ɗan lungu mai laima kusa da ruwa, na hango abin da masu shara suka manta. Kashin gada ne, 'yan ƙanana baƙaƙe kamar ƙwallon magarya, sabo, yana sheƙi, ga sawun kofatonta a taɓo. Na san gadar. Tun ina yarinya Inna take nuna mini makwancin irinta a wajen, tana cewa in bi a hankali kada in firgita mai gida. Na buɗe baki. Kafin in ce uffan Inna ta matso ta ɗora ƙafarta a kai, ta tsaya tana gyaran ɗaurin zani.

Oga ya juyo a daidai lokacin. Ya gaji, gumi ya jiƙa masa riga, kuma ina jin zuciyarsa ba ta kwanta ba, don duk rashin sanin dajinsa ya san wuri irin wannan bai kamata ya yi shiru haka ba. Ya dube ni, ba mai unguwa ba, ya tambaya da gurguwar Hausarsa.

"Madam, ke ɗan nan ne. Gaskiya gaskiya, babu komai?"

Inna ba ta kalle ni ba, tana ta fama da zaninta. Mai unguwa yana sakace. Ni kaɗai a wurin na san ma'anar kore da fari kuma na yarda da ita, kalma ɗaya ta isa, yatsa ɗaya in nuna ƙasa. Na ce masa ni dai yau ban ga komai ba. Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar Inna ce ta hana ni, amma ba kunya ba ce kaɗai. Tsoro na ji, tsoron in shigo unguwar nan gobe in yi sallama a amsa mini a ciki, a ce ga 'yar bokon da ta sayar da mu. Na zaɓi a ci gaba da amsa mini gaisuwa.

Ya gyaɗa kai ya rufe littafinsa. A ƙofar mai unguwa aka kawo musu tuwo da farfesun zabin daji, irin waɗanda aka yi ta kora da safe, biyu sun yi rashin sa'a sun faɗa hannun karnuka. Oga ya tanɗe kwano ya ce kajin ƙauye daban ne. Ba wanda ya musa masa. Bayan tafiyarsu aka yi ta dariya har da riƙe ciki, ana kwaikwayon tafiyarsa, ana cewa an yi wa gwamnati wayo. Inna ta ba ni ƙullin daddawa in tafi da shi gida, abin da take yi in na faranta mata.

Damina biyu ba a ji komai ba. Birai suka dawo, matar nan ta koma tsine musu, mai unguwa ya fito da buzunsa. Duk sanda na je sai Inna ta tambaye ni, cikin zolaya, ina koren nawa da farin nawa. Har na fara tunanin ko ita ce da gaskiya.

A rani na uku safiyo mai awon filaye ya zo da mutanensa suka kafa turakun siminti tun daga bakin gonaki har gaɓar rafi. Bayan su masu zarto suka shigo suka fara da maɗatai, bayan su kuma katafila. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kowa ya san karin maganar, ba wanda ya iya furta ta. Mai unguwa ya tara dattawa za su ofishin masu raba filaye. Aka ce tafiyar maza ce, Inna ta ce to a ɗaure ta. Ni kuma aka sake ɗaukata tafinta.

Jami'in da ya karɓe mu bai wulaƙanta mu ba, da ma ya yi, da mun sami wanda za mu ji wa haushi. Ya ba dattawa kujeru. Mai unguwa ya ce kurmin nan cike yake da namun daji, ya shiga lissafo su, birai da gada da mazo da beguwa, yana ƙarawa da abin da ni ban taɓa ji ba, har damisa ya ambata, wadda rabon da a gan ta tun zamanin kakansa. Jami'in ya saurara, ya tashi ya ɗauko fayil, ya baje a tebur. Ga taswira, wurinmu fari fat. Ga fom ɗaya bayan ɗaya, babu, babu, babu, da rubutun hannuna mai kyau wanda hedimasta yake yabo, kowanne da yatsa a ƙasa. Mai unguwa ya ce ai wancan lokacin ƙarya suka yi. Jami'in ya tambaye shi, cikin girmamawa, to wace magana ce zai ɗauka, ta wancan lokacin mai yatsa ko ta yau marar yatsa.

Sai a nan Inna ta matso gaban tebur. Ta kwance bakin zaninta ta zazzage wani ɗan ƙulli a kan fayil ɗin. Kashin gada ne, ta tsinto shi da safen nan a lungun da ta taka.

"Ga shi. Wannan ba ya ƙarya."

Jami'in ya dubi abin, ya dube ta. Ya tattara shi a hankali da gefen wata takarda ya mayar mata a hannu. Ya ce ya yarda da ita, Allah ya sani ya yarda, amma an rufe ƙidaya, an raba filayen, wasu ma har sun sauke yashi.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Ina jira Inna ta ce mini ke da kika sani me ya sa kika yi shiru, in sami abin da zan mayar mata, don na tanadi amsa mai zafi tun daga ofis. Ba ta ce ba. Da muka isa ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ƙarar katafila na shigowa ta taga. Ta tambaye ni ko akwai sauran takardar nan tawa. Akwai wani fom da ya rage a jakata, na daɗe ina kare littafin darasi da shi. Ta ce in fito da biro.

Sai ta fara ƙirga. Matar da ba ta taɓa faɗin adadin 'ya'yan cikinta ba ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa. Birai goma sha ɗaya, da na goye sha biyu, babbansu mai yankakken kunne. Gada biyu, macen tana da ciki. Mazo ɗaya, tsoho, yana sha a ƙasan gora. Beguwa gida guda a ramin gindin maɗaci. Damo, tunku, zabi garke biyu. Ta san inda kowanne yake kwana da lokacin da yake fitowa, ta san wanda ya zo bara da wanda aka haifa a nan. Fom ɗin ya cika na juya bayansa. Ina rubutu hawaye na ɗiga a kan tawada, haushin kaina nake ji, da nata, da na mutumin kirkin nan mai sababbin takalma da ya tambaye ni sau ɗaya kawai.

Da ta gama ta miƙo babban yatsanta. Ba ni da tawadar dangwale, sai na goga mata bakin biro har ya yi shuɗi, ta danna a ƙasa.

"Kai musu," ta ce.

Na ce to. Na ninke takardar na sa a jaka, na tsaya a bakin hanya ina jiran acaɓa, motocin yashi suna wuce ni suna shiga. Ba ni da inda zan kai ta. Bayan haka Inna ta tambaye ni sau biyu ko na kai, duka biyun na ce mata na kai.